'Yar Gandiroba da Mai Gyaran Firij

'Yan uwa, ku yi haƙuri da jina shiru da kuka yi. Na ga saƙonninku, har da na mai tambayar ko an ɗaura ne na manta da ku. Da amarci ne ya ɓoye ni, da na fi kowa murna. Abin da ya same ni ya fi ƙarfin bakina, shi ya sa na dawo gare ku, don a gidanmu yanzu babu wanda zan iya kallon idonsa.

Ga wadda yau ta fara karanta ni: ni ce auta, mu biyu kawai Allah ya bar wa iyayenmu, ni da Yaya. Ina aiki a wani shagon magani da ke bakin titi. Babanmu tsohon gandiroba ne, ya yi aikin gidan yari har gemunsa ya yi fari. Ya ajiye aiki, amma aikin bai ajiye shi ba. Har yau in ya kulle ƙofar gida sai ya girgiza kwaɗon, sannan ya bi ɗakuna yana leƙawa. Umma takan ce masa, "Ranka ya daɗe, mun cika, babu wanda ya haura katanga."

Tun ina ƙarama karatu ɗaya nake ji a bakin Baba: ɗan Adam ba ya jin magana sai fatarsa ta ji, kuma gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ba a baki kawai ya tsaya ba, a kan ɗansa ya gwada.

Yaya yana ajin ƙarshe na sakandare ya faɗa hannun abokan banza. Aka fara da shan maganin tari, aka koma ɗauke-ɗauke. Ranar da ya ɗauke wayar maƙwabcinmu, mutumin da kansa ya ce ya yafe tunda wayar ta dawo. Baba ya ce shi bai yafe ba. Ya zura riga, ya kama hannun Yaya har caji ofis, kuma bai huta ba sai da aka kai shi gaban alƙali. Umma ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ya ce mata, "Bar shi ya ɗanɗana 'yan watanni. In ya fito, ko allura ya gani a ƙasa tsallake ta zai yi."

Wanda ya tafi yaro ne mai surutu, mai ɓoye min takalmi in zan tafi makaranta. Wanda ya dawo ban san shi ba. In zai ci abinci sai ya jingina da bango ya kare kwanon da hannu ɗaya. Takalminsa ƙarƙashin kai yake sa shi in zai kwanta. Ya tafi bai iya komai ba sai ɗaukar abin da aka bari a fili, ya dawo ya iya buɗe kwaɗo da guntuwar waya. Ba a rufa shekara ba aka kama shi da fasa shago, ya koma, wannan karon ya daɗe. Abin da Baba ya ce kawai shi ne, "Na farkon bai ishe shi ba."

Yaya yana fitowa karo na biyu ya tare a ɗakin da ke kusa da ƙofar gida. Yini yake a dakali yana kallon titi, ba ya kula kowa, kowa ba ya kula shi.

A cikin wannan hali na haɗu da Injiniya.

Firij ɗin shagonmu ne ya mutu, wanda muke ajiye allurai da maganin masu ciwon suga. Hajiyar da ke da shagon ta kira mai gyara. Ya zo cikin shuɗin kayan aiki wankakku tas, da jakar kayan gyara a kafaɗa, da ƙullin ƙanƙara a hannu wanda babu wanda ya ce ya kawo.

"Likita, fara kwashe maganin nan ki sa a kular ƙanƙara, kafin in taɓa komai. Firij zai jira, su ba za su jira ba."

"Ni ba likita ba ce."

"Ni ma ba injiniya ba ne, haka ake kirana. Kowa ya riƙe nasa."

Na yi dariya ban shirya ba. Washegari da safe saƙo ya shigo wayata.

"Likita, firij yana lafiya?"

"Yana lafiya."

"Mai gadinsa fa?"

Na ajiye lambarsa da sunan "Mai Firij", don in Umma ta ga kira ta ɗauka aikin shago ne. Wallahi 'yan uwa, firij ɗin nan bai sake ko tari ba, amma kullum sai an zo duba shi. Hajiya har ta ce in ana duba mutane yadda ake duba firij ɗinta da babu mai mutuwa.

Wata rana da la'asar, shago babu kowa, ya zauna a bencin masu jira ya cire hular kansa yana murza ta.

"Akwai abin da ya kamata ki ji daga bakina kafin ki ji a gari. Na taɓa zaman gidan yari. Ba sharri aka yi min ba, sata na yi. Wayar lantarki muke yankewa mu sayar."

Na ce, "Ka san aikin babana kuwa?"

"Na sani. Shi ya sa na daɗe ina juya maganar."

Na tambaye shi ya aka yi shi ya fito mutum, tunda na ga yadda Yaya ya fito. Ya ce, "Ba duka ne ya gyara ni ba, Likita. Na sha shi har na ƙoshi, abin da ya koya min shi ne in iya ɓoye laifi. Ɗakinmu kuma makaranta ce, akwai malamin buɗe mota, akwai malamin haura katanga, karatu kyauta. Sai aka buɗe wani ɗan shago a cikin gidan, wani dattijo yana shigowa daga waje yana koyar da gyaran firij. Gurbin kaɗan ne, mu kuma ɗaruruwa. Wanda aka zaɓa a ɗakinmu ya kwanta ciwo, aka tura ni in cike wurin. Ranar da firij na farko ya ɗauki sanyi a hannuna, dattijon nan ya dafa kafaɗata ya kira ni da sunana na yanka. Na daɗe rabona da jin sunan nan. Sai na ji ina jin kunyar mutumin, daga nan na fara jin kunyar kaina."

Da na ce muku na guje shi da na yi ƙarya. Ranar ce ma na san na gama yawo.

Da ya ce zai zo gaida Baba, ni da Umma muka wanke falo kamar za mu canza masa fata. Muka sauya labule, muka fito da kofunan gilashin da ba a taɓawa sai an yi baƙo na musamman. Na sa atamfata ruwan zuma mai ɗinkin riga da siket, na yafa farin mayafi. Umma ta san komai, ta ce in yi shiru, in Baba ya ga hankalinsa tukuna sai a faɗa masa sannu a hankali.

Ya zo cikin farin yadi, guga har tana ƙyalli. Ina bayan labule da tire a hannu. Ya yi sallama ya shiga, ya tsuguna gaban kujerar Baba, ya haɗe gwiwoyi, ya sunkuyar da kai, hannayensa a kan gwiwa. Baba ya amsa gaisuwar, ya ƙare masa kallo. Sai na ji ya ce,

"Yaro, wane gida ka yi zama?"

"Na'am, Baba?"

"Tsugunon nan naka ba na gaisuwa ba ne, na ƙirga ne. Safe da yamma nake ganinsa tun ba a haife ka ba."

Injiniya bai yi ƙarya ba, ya faɗi komai, har da dattijon da shagon da yake da shi yanzu. Baba ya gyaɗa kai.

"To ka gani, wuya ta yi maka magani."

"A yi min afuwa, Baba, da wuya ce magani da duk ɗakinmu sun zama limamai. Waɗanda muka kwana tare, da yawa sun koma, wasu an harbe su a hanya. Sana'a ce ta fitar da ni."

"Allah ya sa mata albarka," in ji Baba. "Amma ni ba na ba wa fursuna 'ya. Hali zanen dutse ne. Tashi ka je."

Ko ruwan bai sha ba. Bayan ya fita ban san sanda na ajiye tiren na durƙusa gaban Baba ba.

"Baba, kai kake cewa gidan yari yana gyara mutum. Ga wanda ya gyaru ya zo, ka ce hali zanen dutse ne."

Ya kalle ni ta saman tabarau. "Ba don na ciki aka gina gidan yari ba, Auta. Don na waje aka gina shi, su gani su shiga taitayinsu."

A raina na ce, to Yaya fa, don wa ka kai shi? Ban furta ba, ina son haƙorana.

Abin da ban sani ba shi ne, da Injiniya ya fita ya tarar da Yaya a dakali. Kallo ɗaya suka yi wa juna kowa ya gane ɗan uwansa. Ya zauna kusa da shi da farin yadin nan a kan ƙura, suka daɗe. Da yamma ya turo min saƙo: "Baba ya hana ni ke, bai hana ni Yaya ba. Ina neman mai riƙe min tukunyar gas."

Ban zaci Yaya zai je ba, amma ya je. Sannu a hankali muka fara ganin abin da muka fitar da rai da shi. Yaya yana tashi da sassafe. Yana dawowa hannu duk baƙin mai yana tambayar Umma sabulu. Wata rana ya ɓoye min takalmi zan tafi aiki, na tsaya a tsakar gida ina zaginsa ina hawaye. Fankar falo da ta shekara a mace ya sauke ta ya gyara. Na ga Baba a tsaye ƙarƙashinta ya daɗe, iska tana kaɗa masa riga. Umma ta fara cewa in ci gaba da addu'a, dutse ma ruwa yana cin sa.

Ana haka, ranar Talatar da ta wuce saƙon safe bai shigo ba. Na tura "Mai Firij, lafiya?" shiru. Wajen hantsi mai facin da ke maƙwabtaka da shagonsa ya kira ni, ya ce 'yan sanda sun tafi da Injiniya.

Ga abin da ya faru. Ranar Litinin an kira shi gyaran firij a wani gidan bene. Matar gidan ta cire awarwaronta na gwal ta ajiye a bakin tagar kicin za ta yi wanke-wanke, aka kira ta asibiti wajen mahaifiyarta, ta fita a gigice ta manta da su. Mijin ne ya buɗe wa mai gyara ƙofa, ya koma falo kan wayarsa. Da ta dawo babu awarwaro.

Na roƙi Hajiya na tafi caji ofis da hijabin aiki a jikina. Sajan ɗin da ke binciken wani mai tumbi ne, yana ta fifita da kwali. Ya ce, "Mun duba, tsohon ɗan gidan yari ne. Irin su ba sa tuba, hutu suke ɗauka." Da ƙyar ya bari na gan shi.

Aka fito da shi daga bayan kanta, daga shi sai singileti, yana riƙe da wando da hannu ɗaya don sun karɓe bel ɗinsa. Leɓensa ya kumbura. Yana ganina ya yi ƙoƙarin murmushi.

"Likita, wa kika bar wa firij?"

Na matsa kusa na rage murya. "Kai kaɗai ka je gidan?"

"Haka na faɗa musu."

"Ba shi na tambaye ka ba."

Ya kalli ƙasa. Ya ce Yaya daga baya ya hau da tukunyar gas, maigidan bai ga shigarsa ba. Shi kuma ya sauka ɗauko sukundireba a babur, ya bar shi a kicin shi kaɗai.

"To ka faɗa musu mana."

"Yayanki in ya koma karo na uku ba mutum zai fito ba. Shagon nan na cikin gidan yari an rufe shi tuntuni, dattijon ya rasu, ba a kawo wani ba. Ɗakin kawai ya rage da malamansa."

"Kai fa?"

"Ni na san yadda ake zama. Kuma ba su sami komai a wajena ba, ƙila alƙali ya sake ni. Yayanki ya yi ƙoƙari, Likita, wallahi ya yi. Hannu ne ya riga shi. Ni ma na zame a shagon dattijon nan, na saci kayan aikinsa, ya gane, bai kai ƙarata ba. Ya ce in dawo da su gobe in ci gaba da aiki. Da ya kai ni, da yau ba ki san ni ba."

Na ce, "Ni fa? Ni ina ka ajiye ni a lissafin nan?"

Sajan ya buga kanta ya ce lokaci ya yi, sai gobe a kotu.

Ban koma shago ba, gida na wuce. Ina shiga na ga ƙofar ɗakin Yaya a buɗe, shi ba ya nan. An kifar da katifa, an zazzage jakar kayansa a ƙasa. Ashe labarin kamen ya riga ni zuwa gida, Baba kuwa ya san da wa Injiniya ke fita aiki. Baba yana zaune a bakin gadon ƙarfe, a hannunsa akwai tsohuwar safa, awarwaro suna leƙowa daga bakinta.

Kada ku zarge ni, 'yan uwa, abin da na fara ji daɗi ne. Na ce Allah ya kawo ƙarshen abin, gaskiya ta faɗo hannun mutumin da bai taɓa rufa wa mai laifi asiri ba.

"Baba, tashi mu je. Gobe za su kai shi kotu."

Ya naɗe safar a hankali, ya zura ta cikin aljihun rigarsa na dama.

"Tura ƙofar nan, Auta."

Na tura. Umma ta riga ta shigo tana tsaye a bayana, ɗankwalinta ya zame ba ta ma sani ba.

Baba ya ce, "Na san ɗakin da ake kai wanda ya dawo karo na uku. Na san su wa ke kwana a ciki. Da hannun nan nawa na sha kama bargo ana fitar da gawa daga ɗakin, a rubuta zazzaɓi. Sau ɗaya na kai yaron nan da ƙafata. Har yau ina jira a dawo min da ɗana, sai kwanan nan na fara hango shi."

"Baba, kai ka ce wuya magani ce."

"Na faɗa. In ban faɗa ba, me zan ce na yi da rayuwata?"

Tunda nake ban taɓa ganin hawaye a idon Baba ba sai ranar. Da na san haka yake da ciwon gani da ban taɓa fatan ganinsa ba.

Na ce, "To wanda ke bayan kanta fa? Shi ba ɗan kowa ba ne?"

"Shi ya shiga ya fito da sana'a. Zai iya." Ya share fuska da hannun riga, ya ɗago ya kalle ni. "Ki yi shiru da bakinki. Duk ranar da ya fito, na ba shi ke. Ga uwarki shaida."

Abin da na yi watanni ina roƙo a kan sallaya, ga shi an miƙo min, kuma ban taɓa jin maganar da na tsana kamarta ba. Umma ta zube ta kama ƙafafuna, uwar da ta haife ni. "Auta, ki rufa min asiri. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Shi kaɗai ne ɗana namiji."

Kafin magariba Yaya ya dawo. Na same shi a bakin famfo yana wanke hannu, alhali ranar bai taɓa aiki ba.

"Me ya sa, Yaya?"

Bai musa ba, bai ɗago ba. "Ban sani ba, Auta. Ko mai saye ba ni da shi. Na gan su a bakin taga, sai na ji su a aljihuna. A can in ka ga abu ba ka ɗauka ba wani zai ɗauka, kai ka kwana da yunwa. Na yi niyyar in mayar washegari, sai na ji an kama Oga."

"Ka je ka faɗa musu."

"Ba zan iya komawa ba. Ki kawo min wani abu daga shagonku in sha ya fi min sauƙi."

Ya ci gaba da murza hannun, ruwa yana zuba.

Washegari da safe ina shafa mai, baƙuwar lamba ta turo saƙon murya. Mahaifiyar Injiniya ce, tsohuwar da ba ta gani sosai, shi ke ci da ita, shi ke kai ta asibiti. Wata maƙwabciya ce ta riƙe mata wayar, ina jin ana ce mata, "Yi magana Inna, tana ɗauka."

"'Yata, an ce kin je wajensa. Ni ba na iya zuwa. Ki gaya min tsakaninki da Allah, ɗana ya koma halinsa ne? In ya koma ki faɗa min, in daina yi wa mutane rantsuwa."

Na saurara na sake saurara. Sannan na sa baƙar abaya, na ɗaura ɗankwali ko madubi ban duba ba. Na ce wa Umma na tafi shago. Ta bi ni da ido har ƙofa. Baba yana zaune ƙarƙashin fanka da rigar jiya a jikinsa, bai cire ta ba.

Harabar kotu cike take da irina, mata da kulolin abinci, tsofaffi a gindin bishiya. Motar 'yan sanda ta tsaya aka fara sauko da su bibbiyu, ankwa ɗaya hannu biyu. Injiniya yana ganina ya tsaya cak, wanda aka haɗa su ya fizge shi. Ya girgiza min kai a hankali. Na kau da fuska.

Na sami Sajan a baranda da fayil a hammata. Na ce ina da magana. Na faɗa masa komai a tsaye, numfashi ɗaya, don na san in na tsaya ba zan ci gaba ba. Cewa ba Injiniya ba ne, yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Cewa sun je tare, shi ya rage a kicin. Cewa na ga awarwaron da idona.

Ya saurare ni har na gama. Na zaci zai kira a cire ankwar. Sai ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Yarinya, kin san me kika yi kuwa? Wa ya kai yayan naki gidan mutane? Shi. Wa ya rantse mana shi kaɗai ya je? Shi. Wannan a wajenmu haɗin baki ne da ɓoye mai laifi. Tsofaffin 'yan gida biyu, ɗaya ya shiga da jakar gyara, ɗaya ya biyo da tukunya, wane alƙali ne zai ce ba shiri ba ne? Ba ki cire ɗaya ba, ƙara ɗaya kika yi."

Na ce masa don Allah ya manta, ban san abin da nake faɗa ba. Ya ce magana zarar bunu ce. Ya ɗaga hannu ya kira wani kurtu, ya ce a juyo da mota, akwai wanda za a ɗauko.

Sannan ya zaro biro daga aljihu, ya cire murfin da haƙori.

"Kin ce kin gan su da idonki. Duk wanda aka samu kayan a jikinsa shi ma da shi za mu taho, ko waye. Yanzu suna hannun wa?"

Ya tsaya yana jirana. Ni kuma babu abin da nake gani sai Baba a ƙarƙashin fanka, tafin hannunsa a kan aljihun dama.